Sunan da Ban Kira Ba a Bakin Gadon Babanki

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, duk da dai bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin ki kina jan akwati kina faɗa da zif. Kada ki yi mini dariya. Kin san ni da ke ba mu iya zama mu kalli juna mu yi doguwar magana ba. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan kakarki kika ci, uwar mijina, shi ya sa nake ce miki Uwani, kuma tun kina zanen goyo bakina yake da nauyi a kanki. Abin da zan faɗa wa ƙanenki Sani a tsaye ina tankaɗe, ke sai in yi ta kewaye-kewaye har ki gaji ki tashi. To yau biro ne zai yi mini aikin.

Ba zan ja ki da nisa ba. Sun ba ni ranar aikin maƙoƙon nan. Lokacin da kika je Abuja karɓo takardun tafiyarki, Sani ya kai ni asibiti, suka sake dubawa, suka ce ya fara danne mini hanyar numfashi, shi ya sa ba na iya kwanciya rigingine. Na tambaya ko za a jira ki dawo, likita ya ce shekara ta yi nisa. Na tambaya ko za a matso da shi kafin ki tashi, ya ce sai maganin da suka ba ni ya gama daidaita jikina. Ranar ta faɗo bayan tafiyarki da 'yan makonni. Ke da kika daɗe kina yi mini mitar in yarda a cire shi, har kina ɗora wa gishirin Awe da nake sayarwa laifi, ga shi na yarda, ke kuma ba kya nan.

Tsoro nake ji, Uwani. Wuƙar ba ta dame ni ba, barcin nake tsoro. Na san aikinki ke nan, ki sa mutum barci a yi masa tiyata ki tashe shi, kuma kin sha gaya mini yanzu ba kamar dā ba ne. Na ji. Amma mutum ɗaya na taɓa rakawa ƙofar ɗakin nan, babanki, kuma bai sake yi mini magana ba.

Ranar da muke ɓarar agushi a tsakar gida kika yi mini bayanin karatun da za ki je ƙasar Turawa ki yi. Bari in maimaita ki ji ko na gane. Marasa lafiyar da aka sa barci aka jona wa injin numfashi a ɗakin kulawa ta musamman, idan aka zo tashinsu wasu sukan farka a ruɗe, suna fizge-fizge, ba su san inda suke ba, wasu kuma su daɗe ba su dawo hayyacinsu ba. Za ki koyo yadda ake bincike, ki dawo asibitocinmu ki gwada ko muryar 'yan gida, idan ana sa wa mutum ita a kunne a kai a kai, tana taimaka masa ya dawo. Kina cikin magana na miƙe na shige kicin. Na ga fuskarki, kin ɗauka ban damu ba ne. Wallahi ƙafafuna ne suka ɗauke ni, don da na ƙara zama kaɗan da kuka zan yi a gabanki. Abin da ya sa shi ne nake so in rubuta miki, tare da wasu kura-kurai da na yi a ciwon babanki. Kin ji labarin a bakin mutane, ba ki taɓa ji a bakina ba.

Ranar da hanjinsa ya murɗe aka tura mu wani babban asibiti a Jos, baffanki, yayan babanki, shi ya jagorance mu. Kafin a shiga da shi, likitan barci ya fito, wani siriri mai tabarau, ya tambaya ko yana shan wani magani. Baffanki ya ce, “Ba ya shan komai, likita. Mutumin da ke ɗaga buhun riɗi shi kaɗai?” Ni ina bayan ƙofa riƙe da filas. Na san da kwalbar jiƙon da wani mutumin Kwandere ke haɗa masa don ciwon baya, ni nake tace masa kullum da safe. Na san da ƙwayoyin ciwon jiki da yake saya a kemis yana watsawa baki kamar gyaɗa. Baffanki ba ƙarya ya yi ba, bai sani ba ne, ina zai sani, gidansa daban. Ni da na sani kuma sai na ga bai dace in gyara wa yayan miji magana a gaban baƙo ba. Na yi shiru.

Daga baya, da abubuwa suka cakuɗe, likitan ya same ni ni kaɗai a baranda ya sake tambaya, na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Bai kuma ce shi ne ya jawo ba. Cire tabaransa kawai ya yi ya murza ido ya ce, “Hajiya, da na sani tun farko da na shirya daban.” Maganar nan har yau tana nan a ƙirjina.

Saboda haka idan kin dawo kin fara aikinki, ki lura da wanda ke amsa miki da wanda ke tsaye a baya. A garin nan mai babbar riga ne ke magana, amma wadda ta san abin da mara lafiya ke ci da sha tana can jikin bango da filas. Ki ba babba girmansa, ki saurare shi har ya gama. Sannan ki nemi dabara, ki ce matar ta zo ta nuna miki kayan mara lafiya, ki ja ta gefe. Kuma kada ki ce mata “yana shan magani?”, don a wurinmu magani shi ne na asibiti. Ki ce me kike jiƙa masa, me kike dafa masa, me yake saya a kemis. Kada ki ɓata fuska in ta faɗa, in kika ɓata ta rufe baki ke nan.

Na biyu kuma girman kai ne irin na malaman firamare. Da aka kai babanki ɗakin kulawa ta musamman, bayan kwanaki wani likita ya kira mu ya yi dogon bayani, rabi Turanci rabi Hausa. An gaya masa ni malama ce, sai ya fi kallona yana zuba Turanci. Ni kuwa Turancina na koya wa 'yan aji uku ne. Kunya ta hana ni in ce ban gane ba. Duk inda ya tsaya sai in ce “to.” Ya ce mun yarda? Na ce “to.” Washegari na shiga na tarar an huda maƙogwaron babanki an sa bututu. Ashe abin da aka yi mini bayani ke nan, kuma abin da ya kamata a yi ne, amma ni ban san na yarda da shi ba.

Uwani, “to” ɗinmu ladabi ne. Mutumin da nasa ke kwance a kan inji, ko me mai farar riga ya miƙo masa zai sa hannu, ko bai ji ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali game da bincikenki. Ke za ki je wurin mutane a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu ki ce kina neman izini ki sa ɗan'uwansu cikin gwaji. Za su ce to. Wasu don suna ganin in sun ƙi za a daina kula da nasu, wasu don suna zaton wani sabon magani ne da zai tashe shi. Ki ji tsoron Allah a wannan “to” ɗin. Ki sa su maimaita miki da bakinsu abin da suka gane. Ki faɗa musu, ki sake faɗa, cewa in sun ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake yi masa. Ki gaya musu ku ma ba ku san amsar ba tukuna, shi ya sa kuke nema. In mutum ya ce a'a, ki yi masa godiya da fuska a sake, kada ki tsaya kina lissafin mutum nawa suka rage miki.

Kuma ki tuna a garin Lafiya muke. Matar da ta zo daga Agyaragu da mijinta, ko tsohuwar Eggon, ko Batibiya, Hausarta ta cinikin doya ce. Za ta gaishe ki tsaf, ki ɗauka tana ji, alhali ko ni da aka haifa cikin Hausa ban gane ba. Ki nemo mai yi mata da yarenta. Muryar da za ku sa wa mara lafiya ma ta zama da yaren da uwarsa ta yi masa magana.

Na uku ke na yi wa. Kina makarantar kwana kina jarrabawar ƙarshe. Duk wanda zai je wurinki sai in ce ya gaya miki Baba yana samun sauƙi. Na ce kada a ɗaga miki hankali, in kin gama kya zo ki gan shi. Kika gama, aka je ɗauko ki, kika sauko daga mota da akwatinki kika tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ba ki yi mini magana a kai ba, ko sau ɗaya. Amma na ga yadda kika daina tambayata komai, kuma na san ranar da kika cika takardar neman karatun likita abin da ke ranki.

To ki ji halin tsufa. Da aka ba ni ranar aikin nan, abin da ya fara zo mini shi ne in ɓoye miki. Na ja kunnen Sani. Da ya matsa, na ce to zan rubuta in cusa a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin daddawa da kuka, ki gani bayan kin sauka, lokacin ba yadda za ki yi. Har na ji daɗin dabarata. Ina sallar la'asar abin ya faɗo mini, ashe abin da na yi miki kina yarinya ne zan sake yi, kuma shi ne nake shirin hana ki yi wa mutane. Shi ya sa takardar nan take hannunki yau, tun jirginki bai tashi ba. Ki san komai, sannan ki yanke shawara. Haka ke ma za ki yi wa dangin marasa lafiyarki, kada ki zaɓar musu abin da za su iya ɗauka.

Saura na ƙarshe, wanda ya kore ni kicin.

A ɗakin da babanki yake akwai wata nas, 'yar Eggon, gajeriya mai faɗa, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Da suka rage masa maganin barci suna so ya farka, sai in ji suna kiransa da sunan da ke jikin kati, “Mista Mohammed, Mista Mohammed.” Ko a makaranta ba wanda ya taɓa kiransa haka. Da ya ƙi motsi, nas ɗin ta zo ta kamo hannuna ta kai ni kan gadon ta ce, “Mama, kira sunan shi. Ido ya rufe amma kunne yana ji. Kira wanda ana kiran shi a gida.”

Baffanki yana tsaye a gefe. Ga likitoci, ga wasu nas. Ni kuma tun da aka kawo ni gidan babanki ban taɓa furta sunansa ba, ko muna mu biyu. Haka na ga uwata ta yi. Ko maƙwabcinmu mai irin sunan, “mai sunan Malam” nake ce masa. Na buɗe baki, na kasa kiran sunan. Na ce, “Sannu, Malam,” a hankali, ni kaina da ƙyar na ji. Nas ta ce, “Kai Mama, kowa a nan malam ne. Suna, suna.” Na sunkuyar da kai na ja mayafi na ce ba na iyawa. Ta dubi baffanki. Shi kuma ya yi gyaran murya ya fara addu'a, don a ganinsa ba a yi wa mai jinya ihu a ka. Nas ɗin ta saki hannuna ta koma kan aikinta.

Na ce a raina gobe in ba kowa zan kira. Gobe ta zo da mutane, jibi ma haka. Sannan jikin ya rikice, suka mayar da shi barci mai nauyi, daga nan kuma kin san sauran.

Ban ce da na kira shi da ya tashi ba. Kwanansa ne ya ƙare, na yi imani da wannan. Abin da ke cina shi ne ban sani ba ko yana ji. Idan yana ji, to abin da ya ji na ƙarshe baƙi ne suna kiran wani Mista Mohammed, ni kuma da na shekara ashirin ina tace masa jiƙo ina tsaye a kansa na kasa. Sunansa Tanko. Haka uwarsa take kiransa, haka abokansa na kasuwar riɗi. Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Don haka in kin zo ɗaukar muryoyin nan, ki sani za ki gamu da irina da yawa. Za ki miƙa wa mace waya ki ce ta kira mijinta, ta yi ta murmushi tana kallon ƙasa. Kada ki ce ba ta damu da shi ba, kada kuma ki rubuta cewa ta ƙi. Ki fitar da dangin miji, ki fita ke ma, ki bar ta da wayar ta rufe ƙofa. Kuma tun ranar farko ki tambayi sunan da ake kiran mutum da shi a gida, ki rubuta a inda kowace nas za ta gani.

Ni dai na gyara abin da zan iya. Likitar da za ta sa ni barci mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba. Da ta zo tambayoyinta, baffanki ya so ya raka ni, na ce ya huta. Na kwashe komai na zuba mata a tebur, har garin da nake sha don sanyin ƙashi da man da nake shafawa a gwiwa. Ta ce in dakatar da garin, na dakatar. Duk inda ban gane ba na ce ta sake. Ta ce saboda maƙoƙon, saka bututun numfashi zai iya yin wuya, ta nuna mini yadda suka shirya wa hakan. Sai da na sa ta zana mini a takarda. Da muka gama ta ce, “Mama, ke lauya ce?” Na ce a'a, uwar likita ce.

Yanzu shawara tana hannunki. In kin tambaye ni, ki tafi. Ba don ba na tsoro ba, ina kwana da shi ina tashi da shi, kuma in na ce ba na son ki a kusa na yi ƙarya. Amma in kin zauna, a waje za su ajiye ki kamar kowa, ba za su bari ki taɓa uwarki ba, kin fi ni sani. Gurbin nan kuma in ya wuce ban san ranar da za ki samu wani ba. Ni kuma ina so wani ya nemo amsar nan. Shekaru nake tambayar kaina ko yana ji, ban san ana iya bincikawa ba sai da na ji a bakinki.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ki tafi. Na tambayi likitar, ta ce in an fito da ni ɗakin farfaɗowa za ta bar Sani ya kara mini waya a kunne. Ki ɗaukar mini muryarki. Kada ki ce Mama, duk tsohuwar da ke kwance a wurin Mama ce. A kati Hauwa'u suka rubuta, ban san ta ba. Uwata kuwa, Kulu take ce mini, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake. Na san bakinki zai yi nauyi, 'ya ba ta kiran sunan uwarta. Ni na sa ki, na kuma yafe. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki ce, Kulu, tashi, an gama. Ki faɗa da ƙarfi irin yadda kike yi wa Sani in ya makara. Ba na cikin bincikenki, kada ki ƙirga ni.

Ni ma na yi miki nawa. Can inda za ki ba wanda zai iya faɗin sunanki daidai, kuma ba wanda ya san gobe. Jiya da hantsi na sa Sani ya danna mini wurin ɗaukar murya, na kore shi, na rufe ƙofa. Na daɗe zaune da wayar a hannu. Na fara na goge, na sake farawa, har na kira sunanki na yanka. Yana cikin wayarsa, zai tura miki. Ina roƙon Allah kada ranar da za a kara miki shi a kunne ta zo. Amma kada ki ajiye shi sai wata rana, irin ajiyar da na yi wa babanki. Ki saurara yau, ina ɗakin nan da raina.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko rana ba ta fito ba. Ki sa rigar sanyi, tarin nan naki bai warke ba. Daddawar tana cikin leda biyu, in sun hana ki shiga da ita kada ki yi musu gardama.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya sa duk wanda kika sa barci ya tashi a hannunki. Allah ya jiƙan Tanko, ya sa ya huta. Ni kuma in na farka, muryarki zan fara ji. In Allah ya yi nasa ikon, to ba na bin ki komai, kuma na kira ki tun ina iyawa.

Allah ya yi miki albarka, Salamatu.

Mahaifiyarki,
Kulu